Baƙon da Ya Nemi Iri

A ƙauyukan Maguzawa da ke tsakanin Bichi da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, ba a wasa da iri. Zangarniyar da ta fi kyau ake warewa tun ranar girbi, kuma ko yunwa ta shigo gida ba a taɓa ta.

A wata bazara mai wa'azi ya sauka daga birni a ɗaya daga ikilisiyoyin yankin, da lasifika da kwalaben man shafewa. Ya kira jama'a su "shuka iri", wato su miƙa masa kuɗi domin Allah ya ninka musu. Koyarwar ba shi ya ƙago ta ba. Oral Roberts ne ya yaɗa ta a Amurka, irinta kuma ta yi ƙarfi a Najeriya ta hannun Benson Idahosa na Benin. Wata gwauruwa ta ɗauki maganar yadda ta ji ta, ta sayar da irin gyaɗarta, ta kai masa kuɗin.

Dattijon ikilisiyar, wanda ya yi karatu a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa, ya kasa kunne kwana biyu yana neman inda baƙon zai kauce. Bai samu ba. Mutumin bai musanci allahntakar Almasihu ba, laifin da aka kama Ariyus da shi a taron Nikiya na shekarar 325, bai kuma musanci tashin matattu ba. Da a ce ma'aunin shi ne abin da baki ke furtawa kawai, da ya wuce lafiya.

Amma Kiristocin farko ba su tsaya nan ba. Babi na biyu na wasiƙar Bitrus ta biyu ya ɗaure koyarwar ƙarya da kwaɗayi wuri ɗaya. Littafin Didake, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na ɗaya, ya fi kusa da hankalin manomi: manzo mai yawo da ya zarce kwana biyu, ko ya roƙi kuɗi, ba na gaskiya ba ne. Ma'auni ne mai kaushi, yana iya zaluntar mai gaskiya, sai dai wanda bai iya karatu ba ma yana iya aiki da shi.

Ran kwana na uku dattijon ya ce, "Malam, in ruwa ya sauka wannan baiwar Allah ba ta da abin shukawa, a ina za mu same ka?" Baƙon ya ce tambayar ta marasa bangaskiya ce. Washegari ya hau mota.

Abin da ke cin dattijon har yau shi ne kwana biyun da ya yi shiru saboda kunyar baƙo, domin a cikinsu aka sayar da gyaɗar. Da ruwan shuka ya sauka, ya auna tiya huɗu daga nasa irin, ya aika jikansa ya kai mata.