Akwatunan wasa na kasuwar Saint-Ouen

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Pari, layi na 4, shi ke aje mutum a Porte de Clignancourt. Daga nan tafiyar ƙafa ce kaɗan: a ratsa ƴan tebur masu saida riguna da takalma, a shiga kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen, wadda Faransawa ke kira kasuwar ƙuma. Tana ci Asabar, Lahadi da Litinin. Kasuwanni ne barkatai a wuri guda. Vernaison, wadda aka kafa a 1920, lunguna ce matsattsu. Biron kuwa ta masu hannu da shuni ce.

A cikin waɗannan lunguna ake samun akwatunan wasa na attajiran ƙarni na 19. Baƙin katako ne mai sheƙi, an yi masa ado da tagulla, da ɗan makulli. In an buɗe, komi da ɗakinsa: kartar wasa mai ganye 32, irin wadda ma'aikata ke buga belot da ita a Yamai da Damagaram, domino 28, ƴaƴan dam 40, sai ƴan alamomin ƙirga ci, na ɓawon kifin teku, waɗanda da yawa a Canton ta ƙasar Sin aka sassaƙa su.

Dillali na ƙwarai ba ya fara da ƙyallin akwati. Ƙirga yake yi. Domino guda ya ɓace, daraja ta faɗi, don ba a samun madadinsa mai launi ɗaya da ƴan uwansa bayan shekara ɗari da wani abu. Sannan ya zaro ganyen as de trèfle ya duba. A nan ne gwamnatin Faransa ke buga hatimin harajin karta har zuwa 1945 da aka soke shi. Ganye mai hatimi shaida ce ta shekaru.

Babbar magana ita ce hauren giwa. Akwatunan da suka fi tsada a zamaninsu, da haure aka yi ƴaƴansu, mafi yawansa daga Afirka aka kwaso shi. Abin da ya ɗaukaka su jiya shi ya zame musu ƙarfen ƙafa. A 1989 duniya ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe. Faransa ta ƙara tsananta dokarta a 2016, Tarayyar Turai a 2022. Yau ba a saida abin haure sai in an sassaƙa shi kafin 1947, kuma da takardar shaida a hannu. Shi ya sa ake ganin mai shago da gilashin ƙara girma yana leƙen ɗan domino: ƙashi yana da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, haure kuwa yana da zane mai gicciye kamar saƙar tabarma. Abin mamaki, wani lokaci mai kaya ya fi murna in ya tarar ƙashin sa ne, don shi ba ya bukatar takarda.

Ɗan kasuwar Maraɗi da akwatin ya ba sha'awa, ya tambayi takarda kafin ya tambayi kuɗi. Ko da ita ma, fitar da haure daga Turai wani izini ne dabam, kuma ƴan duwan na filin jirgin Roissy sun san bambancin ƙashi da haure.