Ban ruwan ran Lahadi

Wanda ya taso daga Damagaram za shi Matamai yakan bi ta Takeita, sannan ya karkata kudu. Kafin ya isa Matamai zai ratsa Kance. Ƙasar Kance ƙasar gawo ce. Ko ina aka duba cikin gonaki, ga gawo tsaye. A cikin fadamu kuma akwai garake na rake da rogo da mangwaro.

A wani ƙauye na ƙasar akwai wata ƙaramar makaranta ta Kirista. Ajinta biyu na laka ne, na ukun rumfar zana ce. Ƴan makaranta 60 ne, maza da mata. Fiye da rabinsu ƴaƴan Musulmi ne, don ita ce makarantar da ta fi kusa da gidajensu. Kirista ba su da yawa a wannan yanki, amma ba baƙi ba ne. Tun 1924 ƴan mishan na SIM suka zauna Damagaram. Daga baya suka buɗe wurinsu a Tsibiri, kusa da Maraɗi, a 1950 kuma suka buɗe likitar Galmi. Babban malamin wannan makaranta mutumin Gobir ne, daga can wajen ya zo.

Cikin ƴan babban aji akwai wani yaro, autan gidansu. Kowa Auta yake ce mishi, har malam. Shekararsa 11. Ubansa manomi ne, yana da garka a fadama. Babban abokin Auta a makaranta ɗan fasto ne. Benci guda suke zama, bik guda suke rabawa idan na ɗayan ya ƙare.

Kowace rana ta mako da irin aikinta. Ran Litinin da safe ake hawan tuta, a yi taken ƙasa, malama ta bi layi tana duba farce da kai. Bayan haka malam ya karanta aya biyu ko uku cikin Littafi Mai Tsarki, ya yi addu'a gajeruwa. Da Hausa yake karantawa, gama tun 1932 aka buga littafin dukansa da Hausa. Ƴaƴan Musulmi sukan tsaya shiru har a gama. Su tun da asuba sun riga sun je makarantar allo. Talata ranar lissafi ce mai tsawo, yara ba su cika son ta ba. Laraba da marece babu aji. Alhamis ake aikin hannu, wasu su tufka igiya, wasu su saƙa tabarma da kaba. Ita ce ranar da Auta ya fi so, don makarantar allo ma tana hutu. Ran Juma'a ana tashi da wuri, yara su je su yi wanka su bi iyayensu masallaci. Lahadi kuwa, babban aji shi ke zama majami'a. A jera bencuna, a kawo ganga, a yi ta waƙa har rana ta take.

Da bazara ta shigo, sai mako ya ƙara aiki guda. A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40, har ya wuce. Alli na narkewa cikin gumin hannu. Ƴan ƙaramin aji sukan yi barci bisa kayensu. To, a cikin wannan zafi ne ake renon itatuwa, don su isa dashe idan damana ta zauna.

A wannan shekara malam ya ce gawo za a rena. Iyaye suka tara kuɗi aka sayo baƙar leda 120 a Matamai. Kowane yaro zai samu biyu, ya kai gonar ubansa. Yara suka haɗa rairayi da taki, suka cika ledoji, suka jera su bayan aji. Aka kafa musu ƴar rumfa ta zana.

Kafin a shuka, malam ya ɗauki ƙwayar gawo guda ya ba Auta.

«Auta, fasa ta da haƙori.»

Auta ya gwada, ya kasa. Yara suka yi dariya.

Malam ya ce: «Kun gani? Ɓawonta tauri gare shi. In aka shuka ta haka, sai ta daɗe ba ta tsiro ba. Za mu zuba mata ruwan zafi, ta kwana ciki.»

Haka aka yi. Kwana bakwai ba su cika ba, sai ga ƙananan ganye sun leƙo.

Malam yakan ce gawo itace ne mai saɓa ma sauran. Da damana, lokacin da kowane itace ke kore, shi sai ya zubar da ganyensa. Don haka ba ya tare ma hatsi rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Da rani, sa'ad da komi ya bushe, sai ya yi kore shar. Bisashe su kwanta inuwarsa, su ci ƴaƴansa. Duk ɗan manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili zangarniya. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya hana saran gawo a ƙasarsa, da horo mai tsanani. Malam ya kuma ba su labarin wani ɗan mishan mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo. A 1983, a jihar Maraɗi, ya lura kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba. Idan manomi ya bar toho ɗaya ko biyu ya sassabe sauran, sai su zama itace. Wannan labari malam ya fi so, har yara sun hardace shi.

Saura ban ruwa. Gawo ƙarami yana son ruwa safe da marece, ga rijiya da ɗan nisa. Daga Litinin zuwa Alhamis babu wuya, aji-aji ake yi. Asabar malama da ƴan mata ke yi. Juma'a da Lahadi ne suka so su kawo gardama. Ɗan fasto ne ya warware ta. Ya ce su ƴaƴan Kirista za su ɗauki Juma'a, ƴaƴan Musulmi su ɗauki Lahadi. Malam ya rubuta haka jikin ƙofa. Tsarin ya yi kyau ƙwarai, kuma babu babban da ya koya musu shi.

Mako uku ana tafiya lafiya. Sai sallar Ista ta zo, a ƙarshen Afrilu. Ita ce sallar da Kirista ke tunawa da mutuwar Yesu da tashinsa. Kirista na ƙauyen duka za su tafi taro a birni, ba za su dawo ba sai Litinin da dare. Ran Juma'a da marece, ɗan fasto ya gama ban ruwansa, ya miƙa ma Auta guga da bokiti.

«Asabar da Lahadi da Litinin duk naka ne. Za ka iya?»

Auta ya ce: «Kai dai je ka. Ka gaishe da birni.»

Ran Asabar ya yi ban ruwa safe da marece. Ran Lahadi da sassafe ya ɗauki bokiti, sai ya tarar da wansa yana ɗaura ma sa amalanke. Garka za su, tsinkar mangwaro. Auta ya dubi bokiti, ya dubi amalanke. Ya ce a ransa, jiya na ba su ruwa da yawa, da marece na zo in ƙara. Ya aje bokiti bayan rumbu, ya haye.

A garka akwai inuwa, akwai ruwa mai sanyi. Ya sha mangwaro har cikinsa ya ɗaure. Aiki bai ƙare ba sai da duhu, suka kwana can. Ran Litinin kuma suka wuce da kaya wurin mai saye. Da azahar wata guguwa ta taso, irin ta bazara, mai kwasar shara da kaji. Auta ya gan ta daga nesa tana bi ta ƙauyensu. Gabansa ya faɗi, amma bai ce ma kowa komi ba.

Talata da safe yara suka taru bayan aji, babu mai magana. Zana tana can jikin ƙaya. Ledoji sun yi zafi kamar tukunya. Yawancin tsiron sun kwanta, sun zama kamar zaren buhu. Na gefen bango kaɗai suka tsira, inda inuwar aji ke faɗawa.

Malam ya tambaya: «Auta, mi ya faru?»

«Iska ce, Malam. Ta kwashe rumfa.»

Malam ya duƙa, ya tura yatsa cikin wata leda. Ya fiddo shi, babu ko danshi. Ya tura cikin ta biyu. Bai ce komi ba, ya sa aka ƙidaya masu rai, aka samu 47. Aka ba su ruwa, aka mai da zana, aka shiga aji.

Talata ce, ranar lissafi. Malam ya rubuta bisa allo: leda 120, masu rai 47, nawa suka mutu? Ya miƙa ma Auta alli. Lissafin ba mai wuya ba ne, amma Auta ya daɗe tsaye. Ya rubuta 73. Malam ya ƙara tambaya: yara 60, tsiro 47, yara nawa ne ba za su samu ko guda ba? Auta ya rubuta 13. Daga baya wata ƴar ƙarama ta ce babanta ya riga ya nuna mata inda za ta dasa nata.

Auta ya aje alli. Ya ce: «Malam, ba iska kaɗai ba ce. Ban zo ba Lahadi, ban zo ba Litinin. Garka na tafi.»

Aji ya kaure. Wani yaro ya miƙe ya ce: «Mu ba mu taɓa fashin Juma'a ba. Su ne ba su riƙe amana.» Ƴaƴan Musulmi suka taso mishi. Wannan magana ta fi mutuwar tsiron muni, malam kuwa bai bar ta ta yi nisa ba. Ya bugi tebur.

«Wa aka ba guga?»

«Auta.»

«To, Auta ne bai zo ba. Lahadi uku da suka wuce, su wa suka yi ban ruwa? Zauna.»

Ba a bugi Auta ba. Malam ya ce mishi iri ya ƙare, ƴaƴan gawo kuma bisashe sun tsince su tun tuni. Shi ya san inda zai samo wani. Ɗan fasto bai yi mishi magana ba ranar, ya ja jiki can ƙarshen benci. Wannan ya fi ma Auta ciwo bisa ga bulala.

Da dare ya ƙi cin tuwo. Kakarsa ta lura.

«Mai gidana, yau kuma wa ya taɓa mini kai?»

Ya gaya mata duka. Ta yi mishi faɗa kaɗan, sannan ta yi dariya.

«Iri kake nema, kana kwana kusa da shi? Mi awakina suka ci duk rani? Tashi da safe ka tona turkensu.»

Da gari ya waye Auta ya ɗauki rariya ya shiga garken awaki. Cikin busasshen kashinsu ga ƙwayoyin gawo, masu sheƙi, ba su fashe ba. Akuya takan narkar da kwanson, ƙwayar kuwa ta fito, ɓawonta ya yi laushi. Shi ya sa gawo ke yawan tsirowa inda bisashe ke kwana. Aikin akwai wari, ƙannen maƙwabta suna ta yi mishi dariya ta bisa danga. Kwana biyu yana tankaɗe kafin ya cika gwangwanin tumatir.

Ran Alhamis, maimakon tufkar igiya, ya zauna shi kaɗai yana zazzage ledoji 73 yana sake cika su. Can sai ga ɗan fasto ya zo ya tsuguna. Bai ce komi ba, ya jawo leda ya buɗe bakinta, Auta na zuba ƙasa. A kowace leda suka sa ƙwaya biyu. Malam ya zo ya duba irin, ya tambayi inda aka samo shi. Mako na gaba ya sa babban aji ya rubuta dabarar kakar Auta cikin kaye, da Hausa da faransanci.

Leda 61 suka tsiro. Tare da 47 na farko, sun kama 108. Kowa zai samu guda, amma 12 ba za su samu na biyu ba. Auta ne ya fara cewa a cire nashi. Takardar jikin ƙofa ba a sake ta ba, Juma'a na nan ga masu ita, Lahadi ga masu ita. Auta dai ya roƙi a bar mishi kowace Lahadi har hutu, da bayan hutu. Malam ya yarda, amma ya haɗa shi da wasu yara biyu.

Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu ƴancin kai, tun 1975 kuma ranar ta zama ta dashen itace. A wannan rana yara suka komo makaranta, ko da yake ana hutu, kowa ya ɗauki rabonsa. Tsiron farko sun yi tsawo. Na biyu ba su wuce taƙi guda ba. Auta ya ɗauki ɗaya cikin ƙananan, ya kai gonar ubansa. Hatsi ya riga ya kai mishi ƙirji. Ya gina rami, ya yage leda a hankali don kada saiwa ta karye, ya dasa, ya taka ƙasa. Ubansa ya dubi abin ya ce da kaka, in aka saki bisashe, akuya loma guda za ta yi da shi. Auta ya karɓi gatari ya tafi saro ƙaya.