Laval a watan Oktoba: lokacin rufe pisin

Matafiyin da jirgi ya kawo Montreal ta ƙasar Kanada a watan Yuli, ta taga zai hango ɗigo-ɗigon shuɗi a bayan gidaje. Kwamin wanka ne da aka gina cikin ƙasa, wanda masu jin Faransanci ke kira pisin. A Laval, birnin da ke kan tsibiri arewa da Montreal, unguwanni cike suke da su, har a gidajen matsakaitan ma'aikata. Amma morarsu ba ta wuce wata huɗu.

Da Oktoba ya kama, ganye ya yi ja ya fara zuba, sai magidanta su shiga aikin rufewa. Dalilin ba baƙo ba ne ga mai sayar da ƙanƙara a kasuwar Maradi: kwalbar da aka cika aka manta a firigo fashewa take yi, domin ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kimanin kashi 9 cikin 100. A can kuwa sanyin Janairu yakan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, ƙasa ma ta daskare fiye da zurfin mita 1.

Ba kwamin ne abin tsoro ba, tiyo ne da ke binne. Akan share ganye, a zuba magani don hana gansakuka, a rage ruwa har ƙasa da bakin tiyo. Daga nan a hura iska da inji har ɗigon ƙarshe ya fita, a ɗura ruwan hana daskarewa, a toshe. Wanda ya yi ganganci a nan ba zai sani ba sai watan Mayu, ranar da ya tada inji ruwa na ɓacewa, a zo a fasa daɓe ana neman inda ya tsage. Shi ya sa da yawa ke biyan masu sana'ar, komai tsadarsu.

Abin mamaki, ba a kwashe ruwan duka. Nauyinsa ne ke dafe da bango. In babu shi, ruwan ƙarƙashin ƙasa na iya ture ginin ko ya ɗaga shi sama. Sai a bar shi ya daskare a wurinsa, a jefa masa robobi masu iska don su ɗauki matsin ƙanƙara, a shimfiɗa tampol a ɗaure. Kafin ƙarshen Disamba dusar ƙanƙara ta rufe kome, baƙo ba zai gane akwai rami a tsakar gidan ba, sai ko shingen da doka ta wajabta saboda yara.