Hannun da Ya Ciyar da Jirgi

Mu a unguwar nan, in yaro ya miƙo abu da hagu, kafin ya ankara ya sha ranƙwashi. Haka muka taso, haka iyayenmu suka zo da shi daga Kano da Katsina da Zazzau, lokacin da auduga da gyaɗa suka jawo su Gombe. Amma dattawanmu da suka ga jirgin ƙasa mai kwal sun san aikin da dama ita kaɗai ba ta isa ba.

Kan jirgin nan mutum biyu ne a ciki: direba a gefe guda, mai zuba kwal a ɗaya gefen. A Ingila, inda aka ƙera yawancin namu, layi biyu ne, jirgi yana bin hagu, sigina ma tana hagu. Da tukunyar ruwan ta yi girma har tana tare gani, sai yawancin kamfanoninsu suka zaunar da direba a hagu. Great Western kuwa ya kafe a dama, kamar Amurka.

To, ga inda gizo ke saƙar. In direba yana dama, mai shebur yana hagu, ya ɗebo kwal daga baya ya watsa a wuta da hannunsa na kullum, salin alin. In aka juya, dole ya koyi shebur da hagu, ko kuwa ya riƙa cin karo da direba a ɗan lungun nan mai zafi kamar maƙera, tan bayan tan. A nan bahago sarki ne, wallahi.

Namu dogon layi ɗaya ne, jirage sai a tasha suke kauce wa juna, kwal kuma daga Inugu. Da ya iso Gombe a 1963, dizal ya riga ya fara ture kwal. A 1972 kuma aka yi canjin hannu a titi, direbobinmu suka koma dama, suka saba.

Yau ciyawa ta rufe dogon. 'Ya'yanmu ba su san shebur ɗin ba, ranƙwashin kawai suka sani. Akwai yara a layinmu da rubutunsu ya lalace tun aji ɗaya, don an ƙwace fensir daga hannun da ya iya. Cin abinci da gaisuwa, wannan ladabi ne, muna nan a kai. Fensir fa?