Ita Ma Ƙarya Tana da Doka

'Yan'uwa ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata 'yar magana ce da autarmu ta jefa mini a hutun da ya wuce, wadda har yau ban gama warware ta ba. Yarinyar shekararta bakwai, ni kuwa ina aji uku a sashen Hausa, amma ita ce ta ɗaure ni.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar da ta taso daga Funtuwa ta bi ta Bakori ta nufi Malumfashi. Na isa gida da kaka, an gama karyar masara, ana cirar auduga. Duk wanda ya san yankin nan ya san lokacin ba na zama ba ne, babba da yaro kowa yana gona. Sai bayan sallar isha'i yara ke samun kansu. A da, ɗakin kakarmu suke cikawa a yi tatsuniya. Yanzu kuwa wayata suke yi wa zobe, domin ranar kasuwa nakan shiga Malumfashi in ba masu shagon caji su tura mini katun, watau zanen nan mai motsi da ake yi domin yara.

Daren farko Tom da Jerry muka kalla. An maƙe kyanwar nan da ƙofa ta zama kamar faifai, an sako mata dutse a ka, wutsiyarta ta kama wuta, amma kafin ƙiftawar ido ta miƙe garau ta ci gaba da bin ɓera. Yara suka yi ta dariya har da hawaye. Ba wanda ya ce uffan.

Dare na biyu na sa musu wani da aka fassara da Hausa. Labarin wani yaro ne da aka ba takalman tsafi, in ya sa su sai ya tashi sama kamar shaho. Ya tsallake kogi da su, ya haye dutse da su. Can tsakiyar labari mugun sarki ya sa aka jefa shi cikin wani rami mai zurfi, ga kiɗan tausayi yana tashi, ga yaro yana kuka yana kiran uwarsa. Ni kaina na fara jin tausayinsa. Sai autarmu ta taɓa ni ta ce, "Yaya, ba ga takalman nan a ƙafarsa ba? To ya tashi mana."

Na duba, lalle suna nan. Bakin ramin kuma a buɗe yake. Na ce mata, "Ke dai yi kallo, ai wasan yara ne." Ta yi shiru, amma daga nan kallon ya mutu. Ɗaya ya fara tsokanar ɗaya, wani ya yi barci, ita kuwa ta tashi ta tafi wurin kaka. Da aka zo wurin da aka ceto yaron, ni kaɗai na rage riƙe da waya.

Abin ya tsaya mini a rai. Yarinyar da ta yarda kyanwa ta zama faifai ta kuma warke, me ya hana ta yarda da wannan? Da na dawo makaranta na ba abokin kwanana labari, sai ya yi mini dariya. Ya ce wanda ya yarda takalmi yana tashi da mutum sama ai ya riga ya sallama hankalinsa, ba shi da bakin tambayar dalili kuma. In ƙarya ce, ƙarya ce, ba a auna ta da mudu.

Ni ban yarda ba, kuma tatsuniyarmu ce shaidata. Ku tuna da Gizo da hankaki. Hankaki suna zuwa cin ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar ruwa, Gizo ya matsa sai an tafi da shi. Kowane hankaka ya ciro gashi ɗaya aka manna masa, ya tashi tare da su. Da aka isa, haɗama ta motsa, duk ɓauren da hankaka ya nufa sai Gizo ya ce nasa ne. Suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan reshe. To, mai karatu, ka taɓa jin tsohuwar da ta ce daga nan Gizo ya buɗe hannu ya tashi ya koma gida? Ba ta isa ba. Tun da aka ce da aron gashi ya zo, in an karɓe gashin dole ya faɗa ruwa. Ba wanda ya taɓa tambayar yadda gizo-gizo ya iya magana, amma da za a ce ya tashi ba fiffike, da yaran ɗakin sun yi wa mai tatsuniya ca.

Watau sa'ad da aka ce "ga ta nan, ga ta nanku," aka amsa "ta zo mu ji ta," alkawari aka ƙulla. Masu sauraro sun yarda su ajiye dokar duniyar nan a bakin ƙofa. Mai ba da labari kuma ya yarda zai kafa wata dokar a madadinta, ya kuma tsaya a kanta har a kai ga "ƙurunƙus." Dokar Tom da Jerry, tun 1940 da William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro su, ita ce ciwo ba ya daɗewa, kuma kyanwa ba za ta taɓa cinye ɓeran ba. Yaro yakan gane haka cikin minti biyu, shi ya sa yake dariya ba ya kuka. Mai fim ɗin takalma kuwa da bakinsa ya ce yaron nan yana tashi, sa'an nan ya dawo yana roƙon mu ji tsoron rami.

Su kansu gwanayen sana'ar sun san da haka. Chuck Jones, wanda a 1949 ya fito da wasan tsuntsun nan mai gudu da dilan da ke farautarsa, ya jera ƙa'idodin wasan a littafinsa na 1989. Daga ciki akwai cewa tsuntsun ba ya cutar da dila da kansa, dabarar dila da kayan aikinsa ne ke juyowa su ci shi. A wasan nan dila yakan wuce bakin tsauni yana gudu a kan iska, ba ya faɗuwa sai ya duba ƙasa. Wauta ce tsantsa, amma kullum haka take faruwa, har yaro yakan riƙe numfashi yana jiran sa'ad da zai duba.

Amma fa kada in cika baki, domin abokin nawa ya kawo hujjar da ta sa na yi tagumi. Ya ce in duba Cinderella ta kamfanin Disney, ta 1950. An ce da ƙarfe goma sha biyu na dare kome zai koma yadda yake. Keken doki ya koma kabewa, dawaki suka koma ɓeraye, tufafi suka koma tsumma, amma takalmin gilashi ya ƙi komawa. Ga kuma Goofy da Pluto, dukansu karnuka ne, ɗaya yana sa riga yana magana, ɗaya yana haushi da igiya a wuya. Shekaru nawa yara suna kallon waɗannan ba su yi bore ba?

Gaskiya ne. Na kwana biyu ina juya ta kafin in sami abin da zan iya tsayawa a kai. Ba kowace ɓaraka ke kashe labari ba, sai wadda ta faɗo daidai inda zuciyar yaro take. Ba a taɓa neman ya damu da asalin Pluto ba. Takalmin Cinderella kuwa bai rage mata wahala ba ko kaɗan: ta koma cikin tsummanta, ta koma bauta, har kulle ta aka yi a ɗaki. Amma yaron cikin rami, tsoron da aka nemi autarmu ta ji, maganinsa yana ƙafarsa tana gani. Da mai zanen ya ɓata daƙiƙa biyar ya nuna dogari yana tuɓe takalman, da ta zauna har ƙarshe. Bai yi ba, saboda a ransa ya ce abin da na ce mata: ai na yara ne.

Kuma yaran karkara ba abin rainawa ba ne a wannan fanni. Yaron da ya san ba a cirar auduga da damina, ya san jaki ba ya ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa, tun yana ƙarami ya saba da cewa kowane abu da sababinsa. Dattawanmu da suka ga majigin Baban Larai a dandali, wanda aka yi don koyar da noma, har yau suna iya faɗa maka abin da ya yi daidai da gona a ciki da abin da bai yi ba. Jikokinsu ne ke riƙe da waya yanzu.

Maganar ta shafe ni kai tsaye. Tun da na ga Bino da Fino, wanda Adamu Waziri ya fara fitarwa daga Abuja a 2010, nake da burin mu ma mu ga Gizo da Ƙoƙi suna motsi da harshenmu. Ni da wani abokina na sashen kwamfuta mun yi shawara, ni in rubuta, shi ya zana. Tatsuniyoyin suna nan, Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara da yawa a Tatsuniyoyi da Wasanni, abin da ya rage aikinmu ne. Na zaɓi ta hankaki ɗin nan, na kuwa yi mata gyara irin na ɗan jami'a. Na sa Gizo ya yi nadama a kan reshe, ya roƙi gafara da Hausa tsantsa ba tsamin baki, hankaki suka mayar masa da gashi, ya koma gida ya raba wa maƙwabta ɓaure, bai sake cutar kowa ba. A ganina na sa tarbiyya a ciki.

Kwana biyu kafin in dawo, na tara yara a ɗakin kaka na karanta musu. Suka bi ni tiryan-tiryan har wurin zare gashi. Da na shiga tuban Gizo sai ɗakin ya yi tsit. Na ɗaga kai. Autarmu ta ce, "Yaya, wannan wani ne, ba Gizo ba ne." Ƙanena ya ce, "Ina kadojin? Ai ruwa yake faɗawa." Kaka tana kaɗi a gefe, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Kai miji, a makarantar taku aka ce Gizo ya tuba? To gobe wa zai cuci kura?"

Takardun suna nan cikin akwatina. Na soke shafi huɗu na ƙarshe, na gaya wa abokina ya fara koyon zanen kada.