Babur Ɗaya Daga Gawa Biyu



Duk wanda ya zo taron ƙarshen watan jiya ya ga wani baƙin babur a ƙofa, mai dogon hannu da sirdi ƙasa-ƙasa, yara sun yi masa zobe. Da yawa sun tambaye mu daga ina aka shigo da shi, har wani ya rantse daga Kwatano ne. A nan Minna aka haɗa shi, a wata rumfa da ke bayan Kpakungu, kuma da kuɗin asusunku. Tunda kuɗinku ne, ya kamata ku ji yadda aka yi, har da inda mu kanmu muka so mu tafka kuskure.

Mai babur ɗin ɗan marigayi ɗan uwanmu ne, wanda ya shafe shekaru yana kabu-kabu tsakanin Bosso da Mobil. Lokacin da gwamnatin jiha ta hana kabu-kabu a cikin Minna a watan Yunin 2021, injin Boxer ɗinsa ya riga ya gaji, yana shan baƙin mai kamar ruwa. Ya jingine shi a zaure da niyyar gyarawa, Allah bai nufa ba. Babur ya zauna har tayoyi suka tsattsage, kaji suka mai da sirdin wurin kwana. Yaron ya gama sakandare, aiki bai samu ba, abin da yake da shi sai waya. A wayar nan ya ga baburan Amurkawa da ake kira cofa, suka shiga ransa.

Sunan ya fito daga kalmar Turanci mai nufin sara ko datsewa. Bayan yaƙin duniya na biyu da ya ƙare a 1945, an riƙa sayar da baburan Harley-Davidson na soja da arha a Amurka, ga su da nauyi. Matasa suka riƙa cire duk abin da ba dole ba, irin su madigadin gaba, don babur ya yi sauƙi ya ƙara gudu. Daga baya, musamman a Kalifoniya, aka fara yanke wuyan shasi ana kwantar da shi, ana tsawaita ƙafafun gaba har taya ta yi nisa da mai tuƙi. Fim ɗin Easy Rider na 1969 ne ya yaɗa wannan siffa a duniya. Wato asalin abin na masu ƙaramin ƙarfi ne da ke gyara tsoho da hannunsu, ko da yake mu ba mu san haka ba ranar da takardarsa ta iso gare mu.

A takardar ya nemi rancen naira dubu 180. Ya ce wani ɗan gwangwan yana da Boxer da ya yi haɗari a hanyar Bida, gaba ya lanƙwashe gaba ɗaya amma injin lafiya lau. Zai cire injin ya ɗora a shasin mahaifinsa. An yi zafi a taron nan. Ma'aji ya ce asusu na marar lafiya ne da mai neman jari, ba na babur ɗin 'yan fim ba. Wani ya ce sabon Boxer yanzu ya haura naira miliyan ɗaya, in abin ya tashi ai riba ce. Wani kuma ya tuno da Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da na babur a Kano a 2007. Ma'aji ya ce to ai mu ba jami'a ba ne. Gaskiya ɗaya ce, mu masu riƙe da littafin taro muna bayan ma'aji, don hoton da yaron ya maƙala a takardarsa shi kaɗai muka kalla.

Sai wani dattijo cikinmu, bakaniken babur da ya haura shekara talatin a sana'ar, ya ɗaga hannu. Ya ce a ba shi, da sharaɗi biyu: a rumfata zai yi aikin, kuma ba zai yanke ko ƙusa ɗaya ba sai na gani. Haka muka rubuta, aka amince da ƙyar.

Abin da dattijon ya fara tsayawa a kai takardu ne. Ya hana a ɗora gawar babur ɗin a Keke sai an ga rasit. Yaro ya yi ta ƙunƙuni, wai mene ne amfanin rasit ga abin da ya mutu. Amma duk mun san halin da jihar nan take ciki. Kafin ƙarshen 2021 har sayar da wasu nau'o'in babura gwamnati ta dakatar saboda 'yan bindiga, ga satar babur a unguwanni. Matashin da aka tsayar da injin da bai san asalinsa ba, sai ya kwana a hannu kafin ya gama bayani. Ɗan gwangwan ba shi da komai a rubuce. Sau uku aka koma kafin ya haɗa mu da mai babur na asali, wanda muka tarar a gida yana jinyar karaya. Ya ɗauko rasit, aka goge lambar inji da fetur, aka karanta harafi bayan harafi, ta yi daidai. Muka rubuta yarjejeniyar ciniki a gaban mai unguwa da shaidu biyu. Takardun shasi kuwa suna cikin akwatin mahaifiyar yaron, a naɗe cikin leda tun zamanin marigayi. Wannan kaɗai ya ci sati uku, ban da zirga-zirgar ofishin lamba daga baya don a shigar da sauyin injin.

Aikin inji bai ba da wahala sosai ba. An juye baƙin mai an duba babu garin ƙarfe a ciki, an wanke kafireto, an sauya fulogi da ringi. Daga gawar an ɗauki inji, da tayar baya, da sarƙa, da wasu wayoyi. Yaro ya so a miƙar da ƙafafun gaba da wuta da guduma don a rage kuɗi. Dattijo bai yi musu da shi ba, ya ɗora ƙarfen a kan gilashin tebur ya ce, “Ɗana, mirgina shi.” Ƙarfe ya yi ta ɗingishi, yana tashi yana faɗuwa. Aka mayar wa ɗan gwangwan kayansa.

Babbar rigimar a kan wuya aka yi ta. A wurin yaron, babur ba ya zama cofa sai an yanke wuyan an kwantar. Wata Juma'a da rumfa ta yi shiru, ya ɗauki zarto ya yanke wuyan shasin da ya yi haɗari, ya karkata shi, ya kai wa abokinsa mai waldar ƙofa da taga suka liƙe. Don dai ya nuna zai iya. Da dattijo ya dawo, yaro ya ce, “Baba, ku duba, ai ya kama.” Dattijo ya ɗaure ƙarfen a jikin benci, ya ɗauki guduma. A bugu na uku wuyan ya ɓalle ya faɗi ƙasa. Ya ce masa wannan guduma ce kawai, ramin titi a kan gudu ya fi ta ƙarfi, kuma a lokacin kai ne a sama.

Da muka je rumfar washegari ya yi mana bayanin da mu ma muka ƙaru. Bututun shasin ƙaramin babur siriri ne, waldar lantarki irin ta ƙofa tana cinye shi, sai ka ga sama ya yi kyau ciki kuwa ba a haɗe ba. Kuma duk lokacin da aka taka birki ko aka faɗa rami, a wuyan nan nauyi yake taruwa. Ko da waldar ta yi kyau, babur mai dogon gaba a miƙaƙƙiyar hanya yake jin daɗi. In an zo kwana sai ya yi nauyi, yana neman fili mai faɗi kafin ya juya. Duk wanda ya taɓa shiga shataletalen Kpakungu da yamma, tsakanin tirela da Keke, ya san babu wannan filin. Su Amurkawa injinsu kan haura sisi 1,000, titinsu shimfiɗaɗɗe, na yaronmu sisi 100 ne. Ya kuma so cire shokozoba na baya kamar yadda ya gani a hoto. Dattijo ya ce ya hau babur ɗin wani ya bi hanyar unguwarsu a lokacin damina tukun, in ya dawo da ƙugunsa lafiya a yi maganar.

Kwana huɗu yaro bai zo rumfa ba. Mun fara lissafin yadda za mu gaya wa taro kuɗi sun tafi. Rana ta biyar sai ga shi da zane a takarda, ya bar wuyan yadda kamfani ya yi shi. Sauran kuwa an sakar masa. Ya sa dogon hannu wanda bai wuce kafaɗarsa ba, aka sayo dogayen wayoyin kuloci da totur da birki. Ya saukar da sirdi, ya rage madigadin baya, ya samo ƙaramin tanki na wani tsohon babur, ya goge tsatsa da hannunsa har yatsunsa suka ɗaye. Birkin gaba, wanda wasu masu cofa na farko suke cirewa don ado, yana nan daram, don shi ne yake tsayar da babur fiye da na baya. Salansa ma ba a huda ba, maƙwabta su gode wa dattijo. A ƙarshe suka ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba ta gefe biyu, suka yi ta daidaitawa har tayoyin suka hau layi ɗaya.

Wata bakwai aka yi. Ranar da ya tashi, yaron ya tuƙa shi a hankali zuwa gida. Mahaifiyarsa ta fito, ta wuce fenti da dogon hannun ba ta kalla ba, ta dafa ƙarfen da ke ƙarƙashin tanki, inda wata tsohuwar loɓawa take tun faɗuwar da marigayi ya taɓa yi. Yaron ya ƙi a cike wurin lokacin fenti.

Mai Harley zai iya cewa wannan ba cofa ba ne, shi ma yaron har yanzu yakan kalli wuyan ya girgiza kai. Mu dai mun ga babur mai tafiya daidai, mai birki, mai takardu. Mun kuma ga yaro da yanzu yake kwance kafireto ya mayar ba tare da ya tambayi kowa ba, kuma dattijo ya fara bar masa aikin wayoyi. Mutum biyu sun kawo masa matattun baburansu. Ɗaya ba shi da rasit, shi da kansa ya ce a mayar.

Ma'aji ma yana da gaskiyarsa, kada a ce mun ɓoye. Cikin kashi goma na rancen, huɗu aka biya, kuma an tsallake wata biyu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babur ba abin yawo ba ne, mun gaya masa haka. Sannan ba ya son hular kwano, wai tana ɓata wa babur ɗin kyau. Duk wanda ya gan shi a titi kansa a buɗe ya sanar da mu.

Yanzu haka wata takardar ta iso, daga wani matashi a Maitumbi da ke son ya tayar da tsohon Jincheng na yayansa. Ma'aji ya ce ba zai sa hannu ba sai an gama biyan na farko. Dattijo ya ce rumfarsa tana da wurin mutum ɗaya kuma. Mun saka maganar a jerin abubuwan da za a tattauna a taro mai zuwa.