Baƙin Madubi

Malamar tana cikin wata na uku na takaba sa'ad da ƙanwarta ta kawo mata wani wasan kwaikwayo a waya, wai don ta rage dare. Black Mirror ake kiransa, wato baƙin madubi: fuskar waya ko talabijin idan an kashe ta, mutum ya hango kansa a cikin duhunta. Charlie Brooker ne ya ƙirƙiro shi a Ingila, aka fara nuna shi a tashar Channel 4 a 2011.

Kashin da ta kalla na 2013 ne, mai suna "Be Right Back". Ash ya rasu a haɗarin mota, ya bar Martha da ƙaramin ciki. Sai wata manhaja ta tattara duk abin da ya taɓa rubutawa a intanet, ta riƙa amsa wa Martha da irin lafazinsa. Daga rubutu aka koma murya, daga murya aka koma mutum-mutumi mai kama da shi sak.

Nan Malamar ta dakatar da kallon, gabanta yana faɗuwa. Ita ma wayarta cike take da saƙonnin muryar marigayi, kuma babu daren da ba ta kunna wanda yake cewa a ɗora shayi, ga shi nan tafe.

Da ta ci gaba, abin da ya tsaya mata a rai shi ne mutum-mutumin ba ya musu. Martha ta kai shi bakin wani tsauni a gaɓar teku, ta ce ya faɗa. Ya amince, sai ta fusata, domin Ash na gaskiya da ya ƙi. Na'urar abin da ya nuna wa duniya kaɗai ta sani. Haka marigayi: mutum ne mai gardama da saurin fushi, amma saƙonnin raharsa kawai suka riƙe. Gardamar, wadda ita ce Malamar ta fi kewa, ta bi shi kushewa.

Daga ƙarshe Martha ta ajiye mutum-mutumin a ɗakin ajiya na saman gida, ta kasa zama da shi, ta kasa rabuwa da shi, shekara da shekaru. Takaba kuwa tana da iyaka: wata huɗu da kwana goma.

Malamar ba ta goge saƙonnin ba. Ta daina kunna su da dare, ta adana wa ɗanta mai shekara biyu, domin wata rana zai tambayi yadda muryar mahaifinsa take.